Falon da Inna Ta Daina Shiga

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a Daura ya san abin da hakan ke nufi. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin Inna ta kama sunana ba. In za ta aike ni, sai ta dubi ɗaya daga cikin ƙannena ta ce, "Ku gaya wa yayanku." In babu kowa a kusa, sai ta dubi garu. Na taɓa jin ta tana shaida wa kyanwa cewa akwai tuwo a rufe a madafa, in da wani mai jin yunwa. Ni ne wanin. A ɗakin kakata na girma, ita ta goye ni, ita ta yi jinyata duk sanda na kwanta. Ban taɓa ƙullatar Inna ba, don haka aka yi mata tarbiyya, haka uwarta ta yi wa nata ɗan farin. Amma ba zan ɓoye ba, har furfura ta fara fito min a gemu abin yana ci min rai.

Wuri ɗaya ne nake samun Inna a sake, shi ne gaban talabijin ranar Juma'a bayan la'asar. Marigayi Baba ne ya fara wannan al'ada tun zamanin kaset, bayan rasuwarsa kuma ba mu bari ba. Ana idar da salla sai a taru a falo, yara a ƙasa, matata a kujera tana tsinkar zogale. Inna tana da wurinta, bisa darduma kusa da ƙofa, ta miƙe ƙafa, carbi a hannu. Ba ta hawa kujera, ta ce bayanta ba ya so. Kuma ba ta kallo da baki rufe. Shiga take yi cikin fim ɗin gaba ɗaya.

"Ke, kada ki buɗe ƙofar nan!" Ta cikin fim ta buɗe. "To, ai ga shi nan. Na gaya miki."

"Kai malam, ji tsoron Allah, gonar marayu ce fa."

Wani lokaci ta yi dariya har sai ta share hawaye da bakin mayafi. Ni kuwa ina can baya a kan kujerar katako da jan biro, wai ina duba takardun ɗalibai. Ƙarya nake yi. Ba na duba komai. Muryar uwata nake saurare, don a nan ne kawai nake jin ta tana faɗa, tana lallashi, tana tsokana, kamar yadda take yi wa ƙannena. Sa'a biyu a mako, su ne rabona, kuma sun ishe ni.

To, ni ne na ɓata abin da hannuna.

Malamin sakandare ne ni, kimiyya nake koyarwa, kuma mutum ne mai son a ce na iya. Wannan hali nawa sananne ne a gidanmu. Wata rana na je barkar haihuwa gidan wani abokin aikina, na ga falonsa yana ƙyalli, na dawo na tsaya a ƙofar namu na yi tsaki. Tsohon kafet ja wanda tsakiyarsa ta sude. Labule mai kauri kamar bargo. Kujerun yadi. Durowar littattafan Baba ta cinye bango guda. A bangon baya kuma ga lurun Inna, wani ƙaton bargon saƙi da ta zo da shi gidan aure, an rataye shi tun ban yi wayo ba, da faya-fayai guda bakwai a jere a samansa. Na ce wallahi wannan ba falo ba ne, ɗakin ajiya ne.

Cikin hutun ƙarshen zango na kwashe komai na tura sito. Na sa tayil mai santsi, na sa silin na roba, aka shafe bango da fenti mai sheƙi, na kawo kujerun leda da wani siririn labule da ake ja da igiya. Inna ta leƙo sau ɗaya lokacin da ake naɗe lurunta. Ta dai ce wa jikanta, "A sa shi inda ɓera ba zai kai ba."

Sannan na hau mota na nufi Katsina sayen kayan sauti, irin wanda ake kira hom tiyata. Mai shagon mutum ne mai haƙuri, ya jera min su a kan tebur ya yi min bayani dalla-dalla. Dogayen sifiku biyu na gaba, ɗaya dama ɗaya hagu, su ne masu ɗaukar kiɗa. Wata 'yar kwantacciya ta tsakiya, ita ce mai ɗaukar maganar mutane. Wata ƙatuwa kamar akwati, wufa, ita ce mai gurnani in an yi tsawa ko mota ta wuce. Sai ƙanana biyu na baya, masu kawo ƙarar iska da takun ƙafa da kukan tsuntsu, don mai kallo ya ji kamar yana tsakiyar abin. Ya ce na bayan nan iri biyu ne. Akwai mai fuska ɗaya, tana aika sauti kai tsaye inda aka nuna ta. Akwai mai fuska biyu, tana watsa shi gefe da gefe ya bugi bango ya bazu.

"Malam, yaya ɗakin naka yake?" in ji shi. "Akwai kafet? Akwai labule?"

Na ce, "Kai dai ba ni mai fuska biyu. Yaushe ɗaya ta fi biyu?"

Ya buɗe baki zai ƙara magana, na ce masa ni kimiyya nake koyarwa. Sai ya rufe bakinsa ya ɗaure min kaya.

Washegari na fita, kafin in dawo matata ta riga ta yi aikinta. Ta jera sifikun gaba a jikin kabad kamar jeren amarya, wannan ta yi daidai da waccan, kowacce da 'yar hular saƙa a ka. Ta tsakiyar nan mai ɗaukar magana kuwa, da yake ita ta fi kyau a ido, sai ta sa ta cikin shogilas tare da tangaran da kofunan baƙi, ta ja gilashi ta rufe don kada ƙura ta taɓa ta. Wufa ta tura ta lungu don kada yara su yi tuntuɓe. Kada wani ya ɗora mata laifi, domin da na shigo cewa na yi, "Kai, madalla! Ai ko a kanti sai haka." Ni da kaina na huda bayan shogilas ɗin na zura waya. Na bayan kuma na hau tsani na kafe su a bangon baya, ɗaya daidai saman inda Inna ke zama, na murɗe su har ƙarshe. So nake in baƙo ya zauna, kare ya yi haushi a fim, ya zabura ya waiwaya.

Juma'ar farko gida ya cika, har da maƙwabta. Na kunna. Tabɗi! Ƙasa tana rawa, tangaran suna kaɗawa a cikin shogilas, yara suna ihu. Ina ta washe baki ina amsa barka. Sai da aka kusa gamawa na lura Inna ba ta ce uffan ba. Tana zaune ta ƙura wa allon ido, ta ɗan karkata kai gefe guda, carbin ma ya tsaya a hannunta.

Juma'a ta biyu ta gwada. Wata dattijuwa a fim ɗin tana ba 'yarta haƙuri, sai Inna ta ce da ƙarfi, "Haba baiwar Allah, ki daina zagin ta mana!" Yara suka fashe da dariya. "Inna, ai haƙuri take ba ta." Inna ta yi murmushi kaɗan, ta ce, "Au." Ba a yi minti biyar ba ta naɗe dardumarta ta fita.

Juma'a ta uku ba ta zo ba. Na aika a gaya mata an fara, aka dawo aka ce tana lazimi. Ta huɗu aka ce idonta ya gaji. Ta biyar ban aika ba, don zuciya ta riga ta ɗebe ni. Na ce a raina, wato don na cire mata tsohon bargo shi ne take hukunta ni. Mutum ya yi hidima, ya gyara wuri, ko sannu babu. Na riƙa shiga falon ina ƙara murya da gangan don ta jiyo daga ɗakinta ta san ba mu fasa ba. Amma kallon ya zama lami. Babu mai gargaɗin masu buɗe ƙofa, babu mai tsorata azzalumai da Allah. Ina zaune a baya da jan biro, a karon farko a rayuwata na duba takardun ɗalibai da gaske ranar Juma'a, kuma na zabga musu sifiri son raina.

Autarmu ce ta fasa ƙwan. Tana aure a Dutsi, takan zo ta kwana biyu lokaci zuwa lokaci, kuma ita kaɗai ce a gidan nan ba ta shakkar bakina. Wata safiya ta tare ni a zaure ina shirin tayar da babur.

"Yaya, ka san Inna tana ɗiga mai a kunne?"

"Wane irin mai?"

"Man zaitun. Jiya ta sa na ɗuma mata na ɗiga mata. Ta ce kunnenta ya tafi. Ta ce tun ranar da aka kunna sabon abin nan ta gane, kowa yana ji yana dariya, ita hayaniya kawai take ji, ba ta tsintar kalma ko ɗaya."

Na ce, "To me ya hana ta faɗa?"

Auta ta dube ni sama da ƙasa. "Ta faɗa wa wa? Kai? Cewa ta yi, kada ki gaya wa yayanki. Ya sha wahala ya kawo abu mai kyau, kada ya ji ba daɗi. Ta ce in ta zauna a falon tana ba ka kunya a gaban yaranka, gara ta zauna a ɗakinta."

Na kashe babur ɗin. Wallahi sai na ji kamar an zuba min ruwan randa a ka. Wata guda ina fushi da ita, ashe ita tana can tana kare min fuska, tana zaman makokin kunnenta ita kaɗai. Na ji kunya, na ji tausayi, na kuma ji tsoro. In dai Inna ta kurumce, to shi ke nan, 'yan sa'o'in nan biyu nawa sun tafi har abada.

A makon muka kai ta asibiti a Katsina, ita da auta a baya, ni a gaba kusa da direba. Aka sa mata wani abu a kunne aka gwada ta. Likitan ya ce jin ya ragu kaɗan, irin na shekaru, amma ba kurumta ba ce, ko kusa. Na yi hamdala a fili. A hanyar dawowa kuwa sai na ji Inna tana gaya wa tagar mota, "Likitocin yanzu akwai iya lallashi." Ba ta yarda ba. Kuma ta yi gaskiya a nata ganin, domin ranar Juma'a ta tsaya a bakin falon ta saurara, ta girgiza kai, ta koma.

Ranar Lahadi da hantsi ya ɗaga sai ga Kawu, yayan Inna, ya biyo daga kasuwar Mai'adua zai koma Sandamu. Tsohon magini ne, irin na da, masu ɗaura azara su yi soro. Shi ya gina ɗakin da Inna ke ciki, na ƙasa, mai kaurin bango, wanda ko a tsakiyar bazara in ka shiga sai ka ji sanyi. Na je gaishe shi a can. Na durƙusa a bakin ƙofa, na iske suna hira ƙasa-ƙasa kan wata jikarsa da za a yaye. Muryar Kawu ta dushe, magana yake yi kamar mai raɗa. Amma duk abin da ya faɗa Inna tana mayar masa daidai, ko sau ɗaya ba ta ce "na'am?" ba. Abin ya tsaya min a rai, na kasa gane kansa.

Da ya fito ya ce, "Kai ɗan nan, mu je in ga falon da ake ta labari har Sandamu."

Na wuce gaba ina ɗan hura hanci duk da halin da nake ciki. Kawu ya cire takalmi, ya sa ƙafa, ya yi sallama. Sai ya tsaya cak. Ya dubi silin, ya dubi tayil, ya shafa bango da tafin hannu. Sannan ya taka zuwa tsakiyar ɗakin ya tafa hannu sau ɗaya, tas! Ƙarar ta yi ta karkarwa tsakanin bango da bango kafin ta mutu.

"Ka ji?" in ji shi. "Na ba shi ɗaya, ya mayar min da goma."

"Amsa-kuwwa ce, Kawu."

"Oho, ashe ka san sunanta. To ɗakin nan tsirara yake. Ka tuɓe shi zigidir. Mu in mun gama soro, kafin mai gida ya shiga, sai in tsaya a tsaka in tafa. In ya amsa min, to ban gama aiki ba. Ƙasa da ramno, ciyawar da muke kwaɓa ta da ita, shanye magana suke yi, su bar maka ta farko ita kaɗai. Wannan sumul ɗin naka kuwa ba ya shan komai. Kunnen yaro yana iya tsince ta farkon daga cikin tarkace. Na tsoho ba ya iyawa. Ni kaina da kake gani, tun da muka shigo rabin maganarka nake ji."

Babin sauti yana cikin littafin da nake koyarwa duk shekara. Ni nake zana bango a allo, in zana kibiya ta je ta dawo, in tsawata wa ɗalibin da ya kasa bayani.

Kawu bai ƙyale ni ba. Ya ce a kawo auduga. Ya sa na ɗan toshe kunnuwana sama-sama, ya ce in zauna a ƙasa daidai inda 'yar'uwarsa ke zama, ya ce a kunna. Aka kunna. Jama'a, abin da na ji ba ya faɗuwa. A saman kaina iska tana hurawa, kaji suna kuka, ana ta taku, duk ya bazu ya cika bangon baya. Daga lungu gurnani yana dukan ƙirjina. Mutanen cikin allon kuwa bakinsu kawai ke motsi, maganarsu tana can a kulle a cikin shogilas tare da kofunan baƙi. Ban yi minti uku ba na fizge audugar na ce a kashe. Inna ta yi Juma'a biyu cur a cikin wannan azaba, tana murmushi.

"To malamin kimiyya," in ji Kawu yana neman takalminsa, "sai a sa wa ɗaki tufafi."

Asabar mai zuwa tun da safe na buɗe sito. Muka fito da jan kafet muka shanya, muka bubbuge shi, muka shimfiɗa a kan tayil ɗin da nake taƙama da shi. Labule mai kauri ya koma tagoginsa. Durowar Baba ta koma bangonta da littattafanta, manya da ƙanana, ba a daidaita su ba. Na hau tsani na rataye luru a bangon baya, na mayar da faya-fayai bakwai. Duk abin da muka ƙara sai in tsaya a tsaka in tafa, in ji jelar ƙarar tana gajarcewa. Da muka rataye lurun na tafa, sai ta tsaya inda na ajiye ta.

Rigima ta taso wurin sifikar tsakiya. Matata ta tsaya a gaban shogilas ta riƙe ƙugu.

"Malam, yanzu wannan kyakkyawar za ka fitar ta sha ƙura?"

"Ba don ado aka yi ta ba. Bakin fim ɗin ne gaba ɗaya muka kulle."

"Muka? To, alhamdu lillahi da ka ce muka." Ta buɗe gilashin ta miƙo min. "Amma hularta tana nan a kanta."

Na bar mata hular, tunda a ka take, ba a fuska ba.

Takardar da ta zo cikin kwalin ta nuna hoton mutum a kan kujera, ta ce a sa sifikar daidai tsayin kunnensa. Wanda ya zana bai san Inna ba. Na shimfiɗa dardumarta, na zauna na miƙe ƙafa yadda take yi, na sa aka auna daga ƙasa zuwa kunnena, na rage ɗan yatsa huɗu don ta fi ni gajarta. Tsayin ya zo daidai da 'yar kujerar tsuguno ta madafa. A kanta na ɗora sifikar a ƙarƙashin talabijin, na ɗan karkata ta wajen ƙofa, na ƙara mata murya fiye da sauran. Wufa na jawo ta daga lungu, na yi ta rage ta har tangaran suka daina kaɗawa.

Saura na baya. Ranar Litinin na koma Katsina da masu fuska biyun a cikin kwalinsu. Mai shagon ya gan ni ya yi murmushi.

"Malam, ai na tambaye ka yadda ɗakin yake."

"Ka tambaya. Yau na zo in amsa."

Na zayyana masa komai, har da inda tsohuwa ke zama a jikin bangon baya. Ya ce masu fuska biyu ba laifinsu ba ne, suna da daɗi a babban ɗaki mai laushin bango inda mutane ke zaune nesa da su. Amma a ɗan falo irin nawa, ga mai son ya tsinci magana, gara masu fuska ɗaya, a ɗaga su sama da kai sosai, a nuna su tsakiyar ɗaki, kada su kalli kunnen kowa, a kuma rage su har sai mutum ya manta suna nan. Wannan karon ban ce masa ina koyar da komai ba. Na ce na gode, ya musanya min.

Komai ya kammala, sai dai mai gayya ta ƙi zuwa. Ranar Juma'a na aika, aka ce tana lazimi. Na sake aikawa a gaya mata an gyara, aka dawo aka ce ta ce Allah ya sa alheri, amma gyaran ɗaki ba ya gyara kunne. Na tsaya a tsakar gida hannu a ƙugu, zuciya tana tafasa, na rasa wanda zan yi wa faɗa. Auta tana nan ranar, ta dube ni ta kwashe da dariya.

"Yaya, kai dai ba ka san Inna ba. Ka je ka kunna, ka sa a hankali."

Na jiyo ta daga falo tana ɗaga murya a ƙofar soron Inna. "Inna, kin ga yadda aka rataye lurunki kuwa? A juye! Bakin da kakarmu ta yi wa ado yana ƙasa yana shan dauɗa."

Ba a yi minti ɗaya ba sai ga takun Inna. Ta shigo fuska a ɗaure, ba ta dubi talabijin ba, ba ta dubi kowa ba, ta nufi bangon baya. Ta kama bakin lurun ta duba. Daidai yake. Ta buɗe baki za ta yi wa auta faɗa, hannunta yana kan saƙar. A daidai lokacin wata mata a fim ɗin ta ce wa maƙwabciyarta, cikin murya ƙasa-ƙasa, ita ba ta ga akuyar kowa ba.

"Ƙarya kike yi," in ji Inna, ko juyowa ba ta yi ba. "Muryar marar gaskiya ce wannan."

Duk muka tsaya muna kallonta. Ita ma ta tsaya. Na ga hannunta ya saki lurun a hankali ya tafi kunnenta. Ta juyo ta dubi allon. Matar ta ci gaba da rantsuwa, Inna ta ɗan matso, ta saurara, leɓenta yana bin kalmomin. Sai ta ce wa jikarta, "Ke, ɗauko min dardumata." Jikar ta nuna mata, ga ta nan a shimfiɗe a wurinta.

Ta zauna ta miƙe ƙafa. Kafin a yi nisa ta gargaɗi wani direba, ta tsine wa wani dillali, ta yi wa wata yarinya addu'ar samun miji nagari. Da aka gano akuyar a bayan ɗakin matar nan, Inna ta yi dariya har ta share hawaye da bakin mayafi. Ni ina baya a kujerar katako, takardu a cinya, jan biro a hannu. Na kafa idona a kan takarda ɗaya don kada yarana su ga abin da ke cikinsa.

Ana saura kaɗan a gama aka ɗauke wuta. Allon ya yi baƙi, fanka ta tsaya, yara suka yi "Kash!" suka fara miƙewa. Inna ba ta motsa ba. Tana nan tana fuskantar talabijin ɗin. Hasken yamma yana shigowa ta ƙofa, kuma daga inda nake ina hango ɗakin gaba ɗaya a cikin baƙin gilashin, ga ta kusa da ƙofa, ga luru, ga ni can a ƙarƙashinsa.

"Kai kuma, yaron nan," in ji ta.

"Inna, ai an ɗauke wuta," in ji jikarta.

"Na sani. Ba da ku nake ba." Ba ta ɗauke ido daga gilashin ba. "Kai kuma, yaron nan, na ga wahalarka. Ta farko da ta biyu, duk na gani. Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka masu yi maka."

Shekarata arba'in da 'yan kai ban taɓa jin wannan daga bakinta ba sai ta bakin ɗan aike. Na so in amsa da ƙarfi. Amin ɗin da ta fito 'yar ƙarama ce, can ƙasa, wadda ban zaci ko matata da ke kusa da ni za ta ji ba.

Inna ta gyaɗa wa talabijin kai.